Ɗigon Ruwan Bayan Na'ura: Nazari kan Laima da Sanyin Ɗaki daga Buruklin zuwa Shika

Duk wanda ya saba bi ta bayan ofisoshin Samaru, ko gidajen ma'aikata na Shika, ko shagunan Sabon Gari, ya san siririn bututun nan da ke leƙowa daga jikin na'urar sanyaya ɗaki yana ɗigar da ruwa. A watan Agusta, tsakiyar marka, in aka tara masa bokiti da safe, kafin la'asar ruwa ya taru sosai. A watan Fabrairu kuwa, na'urar ita ce dai, ɗakin shi ne dai, amma sai ta wuni tana aiki bakin bututun yana bushe ƙayau. Wasu suna ɗauka yoyo ne, har su aika a kira mai gyara. Ba yoyo ba ne. Fitar da ruwan nan shi ne ainihin aikin da aka ƙirƙiro na'urar domin ta yi. Sanyin da muke sayen ta dominsa, daga baya ya zama abin talla.

Na ɗauko wannan batu ne domin ina ganin rashin sanin asalin na'urar yana ja mana hasara. Muna kashe kuɗi da man janareta muna yaƙi da zafi kaɗai, alhali rabin damuwarmu a ƙasar Zazzau ta laima ce: wata shida ta yi ƙaranci, wata shida ta yi yawa.

Sai mu fara da ita iskar. Iska tana ɗauke da ruwa a siffar tururin da ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya riƙewa ya danganta da zafinta. In aka ɗebi iska cikin akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, a digiri 30 na ma'aunin Salshiyas tana iya riƙe ruwa kamar giram 30. A digiri 20 ba ta wuce giram 17, a digiri 10 kuwa giram 9 da ɗoriya. Idan masana suka ce laima ta kai kashi 50 cikin 100, nufinsu iskar tana ɗauke da rabin abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. In aka yi ta sanyaya ta, za a kai wani mataki da ta ƙoshi, sai ta fara zubar da rarar. Wannan ita ce raɓar da manomi ke tararwa a kan ganyen dawa da asuba, ita ce kuma zufar da kwalbar ruwan sanyi ke yi. Na'urar sanyaya ɗaki raɓa take haɗawa da gangan: tana jan iskar ɗaki ta bi da ita ta kan bututun ƙarfe mai sanyi, ruwan ya sauka a jikin ƙarfen, ya bi bututu ya fita waje.

Wanda ya fara yunƙurin sanyaya ɗaki da inji domin mutane likita ne, John Gorrie, a wani ƙaramin gari na bakin teku a jihar Fulorida ta Amurka. Masu zazzaɓi yake jinya, ya kuma yi imani da cewa sanyin ɗaki zai taimake su. Ya riƙa rataya ƙanƙara a ɗakin marasa lafiya, da ƙanƙarar ta yi masa tsada sai ya ƙera injin yin ta, aka ba shi takardar mallakar ƙirƙirar a 1851. Bai samu masu zuba jari ba, ya rasu a 1855 cikin talauci. An yi shekara hamsin kafin batun ya sake tasowa da ƙarfi, kuma da ya taso, ba ɗan Adam ne ya tayar da shi ba. Takarda ce.

A unguwar Buruklin ta birnin Niyok akwai wata maɗaba'a mai suna Sackett-Wilhelms da ke buga mujallu masu launi. A wancan zamani launi ɗaya-ɗaya ake bugawa: takarda ta shiga inji ta karɓi launi guda, a jira, ta sake shiga ta karɓi na biyu, har zuwa na huɗu. To takarda tana shan laima ta kumbura, ta bushe ta tsuke. In aka buga ja ranar da iska ke da danshi, aka zo buga shuɗi ranar da ta bushe, sai launukan su saɓa, hoto ya fito dishi-dishi. Ga tawada ba ta bushewa da wuri. Maɗaba'ar ta kai kukanta ga kamfanin Buffalo Forge mai ƙera fankoki da na'urorin ɗumama gini, kamfanin kuma ya miƙa aikin ga wani saurayin injiniya ɗan shekara 25, Willis Carrier, wanda bai daɗe da gama Jami'ar Cornell ba. Ranar 17 ga Yuli, 1902, ya kammala zanen tsarinsa. Abin da aka nema daga gare shi shi ne ya tsayar da laimar ɗakin bugu a kashi 55 cikin 100, rani da damina. Ya fara gwada tsumma jiƙaƙƙe da ruwan wani gishiri mai tsotse danshi, bai gamsu ba, sai ya koma ga tura iska ta kan bututun da ruwan sanyi ke gudana a ciki.

Wannan labari ya kamata ya yi wa mutumin Zariya daɗin ji, domin garinmu garin ɗab'i ne. A nan aka fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Har yau mai buga kalanda ko katin biki a Sabon Gari ya san yadda takarda ke nannaɗe baki da hunturu, tana manne wa 'yar'uwarta, da yadda take yin laushi ta maƙale a inji da damina. Ciwon da ya haifi na'urar a Buruklin yana nan a shagunanmu.

Amma tunanin da ya ɗaukaka Carrier ba na bututun ba ne. Kamar yadda shi da kansa ya riƙa bayarwa, a ƙarshen 1902 yana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Fitsbag cikin hazo mai danshi, sai ya lura cewa irin wannan hazo iska ce da ta ƙoshi da ruwa, kuma yawan ruwan da ke cikin ƙosasshiyar iska zafinta kaɗai ke yanke shi. Ke nan in kana son sanin daidai ruwan da ke cikin iskar ɗakinka, ka ƙosar da ita a zafin da ka zaɓa. Ka bi da ita ta cikin feshin ruwa. In ruwan feshin mai sanyi ne ƙwarai, iskar za ta yi sanyi ta zubar da nata ruwan a cikinsa, ta fito da ƙarancin danshi. In mai ɗumi ne, ta sha ta fito da ƙari. A busar da iska da ruwa: da jin farko kamar tatsuniya, amma lissafi ne tsantsa. Ya samu takardar mallakar wannan na'ura ranar 2 ga Janairu, 1906, a 1911 kuma ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka ƙa'idojin lissafin da ke haɗa zafi da laima da matakin saukar raɓa, waɗanda ɗaliban injiniya ke karantawa har gobe, har da na Samaru.

A lura da abu guda a nan, domin a kansa nazarin nan ya dogara. Na'urar Carrier ta 1906 hannu biyu gare ta: tana rage laima, tana ƙarawa, sannan feshin yana wanke ƙura daga iska. Wadda ke manne a bangon ɗakunanmu hannu ɗaya ta gada. Tana cire ruwa, ba ta iya zuba ko ɗigo.

Sunan ma ba Carrier ne ya raɗa ba. Stuart Cramer ne, injiniyan masaƙu a Karolina ta Arewa, ya fara amfani da kalmar da muka ara muka mayar eyakwandishan, a 1906, kuma shi damuwarsa kishiyar ta maɗaba'a ce. Iskar masaƙa bushewa take yi, zaren auduga ya yi gautsi ya riƙa tsinkewa, gashinsa ya tashi ya cika ɗaki. Auduga tana cikin zaruruwan da ke ƙara ƙarfi in sun sha danshi. Masaƙa sun daɗe da dabarar jiƙa zare kafin saƙa, sai Cramer ya ce a maimakon a gyara zaren, a gyara iskar da zaren ke zaune a ciki. Ma'anar kalmar tun asali ke nan: daidaita iska, ba sanyaya ta ba. Sai cikin shekarun 1920 na'urar ta fita daga masana'anta ta shiga wurin jama'a, bayan Carrier ya ƙera babban injinsa a 1922, gidan silima na Rivoli a Niyok ya saka shi a 1925. Daga nan 'yan kasuwa suka gane sanyi ya fi laima saurin sayuwa, domin fata tana jin sa nan take.

Yanzu mu dawo gida. Samaru da Shika suna kan tudu mai tsayin kusan mita 680 daga teku, ruwan sama kamar milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. Da hunturu, iskar da ke gangarowa daga Sahara takan saukar da laimar tsakar rana ƙasa da kashi 20. A Agusta kuwa, iskar teku takan kai ta kashi 80 ko fiye. Jikin mutum da yawancin kayansa sun fi samun sukuni tsakanin kashi 40 da 60. Wato mu a shekara guda muna zama a garin Cramer, mu kuma zauna a garin Carrier. Bahaushe bai jira ma'auni ba kafin ya san haka. Ya san ƙofar katako tana cijewa da damina ta saki da rani, ya san gishiri yana narkewa a marka, fatar ganga tana saki sai an gasa, kaushi da fason ƙafa kuma na hunturu ne.

Audugar da ta haɗa mu da wannan tarihi ba baƙuwa ba ce. Bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Turawan kamfanin auduga na Ingila suka kafa injin gurza a garin, a 1922 kuma aka buɗe tashar binciken noma ta Samaru, wadda auduga ke cikin manyan ayyukanta, ita ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shekaru da yawa audugarmu Lankasha take tafiya, yankin da damshin iskarsa yana cikin abin da ya taimaki masaƙunsa. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957 tare da kamfanin David Whitehead na can Lankasha, an kawo injin kaɗi ƙasar da iskarta ke bushewa wata da watanni. Babu masaƙar zamani da ke kaɗi a irin wannan iska ba tare da ta ƙara mata danshi ba. Duk mai maganar farfaɗo da masaƙun Arewa yau, in ya lissafa wuta da auduga ya manta da ruwan da za a shayar da iskar ɗakin kaɗi, lissafinsa bai cika ba.

Inda batun ya fi fitowa sarai a ganina shi ne Shika kanta. Gonar dabbobin da aka kafa a can a 1928 ita ce ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, a 1976, daga nan kuma aka fitar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown. Ƙwan da aka sa a injin ƙyanƙyasa yana buƙatar zafi kusan digiri 37 da rabi na kwana 21, wannan kowane mai kiwo ya haddace. Abin da ke kayar da masu ƙananan injuna a gidaje shi ne laima. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu, kuma ana son zuwa kwana 18 ƙwan ya rage nauyi da kamar kashi 12 cikin 100, domin sararin iskar da ke gindinsa ya yi girman da ɗan tsako zai fara numfashi a ciki. In laima ta yi ƙasa, ruwan ya ƙafe fiye da kima, tantanin ciki ya bushe ya ɗaure tsakon, ya mutu yana saran ɓawo. In ta yi yawa, sararin bai buɗe ba, ya shaƙe. Shi ya sa ake riƙe ta tsakanin kashi 50 da 60, a ɗaga zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. Mai injin da ya zuba ruwa daidai gwargwado ɗaya a Janairu da Agusta, ba zai samu ƙyanƙyasa iri ɗaya ba, sai ya koma yana zargin ƙwai ko zakara.

Iri kuwa akasin haka yake so. Masana ajiyar iri suna aiki da wata ƙa'ida ta masani Harrington: duk kashi ɗaya da aka rage daga danshin ƙwayar iri yana ninka tsawon ransa, haka ma duk digiri 5 da aka rage daga zafin ma'ajiyar. Hunturu a nan alheri ne, shi ke busar mana da hatsi kyauta bayan kaka. Abokiyar gabar ita ce damina, lokacin da masara da gyaɗa ke jan danshi daga iska su yi fumfuna, wani fumfunar ma mai dafi ne da ke cutar da hanta. Tsofaffin takardun ajami da na Larabci da ke ajiye a ɗakunan karatu da gidajen malamai su ma haka: abin da ke cin su shi ne hawa da saukar laima, yau su kumbura gobe su tsuke, har su karye.

Ga jikin mutum kuma, Zariya tana da nata gurbi a tarihin ilimi. Likita Brian Greenwood da abokan aikinsa sun yi shekarun 1970 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suna nazarin sanƙarau, har da annobar da ta auka wa Zariya a 1977. Abin da suka nuna shi ne cutar tana tashi in iska ta kai matuƙar bushewa ga zafi, ta lafa da zarar laima ta ɗaga da shigowar damina, kuma suka kawo bayanin cewa busasshiyar iska mai ƙura tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu hanyar shiga jini. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Kada a fahimce ni a baibai: garkuwar sanƙarau rigakafi ce, ba kwanon ruwa a ɗaki ba. Abin da nake nunawa shi ne laima ba batun jin daɗi kaɗai ba ce, kuma daga ƙasarmu aka samo wani ɓangare na hujjar.

To mene ne namu na gado? Randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta kwashe shi, kuma kowace lita guda da ta koma tururi tana tafiya da zafi mai yawan gaske, fiye da ninki biyar na wanda ake buƙata a ɗora lita guda daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi a bazara, ya yi lami a marka. Malam Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa, ya ɗauki wannan sani ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, domin ajiye tumatir da gauta da alayyafo inda babu wuta, aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Aikinsa da na Cramer uwa ɗaya ta haife su.

Lissafin ga shi. A rana irin ta Maris, zafi digiri 38, laima kashi 15, iskar da aka bi da ita ta cikin jiƙaƙƙen abu tana iya sauka har kusan digiri 19 in an kai matuƙa. Na'urar feshi ta kasuwa, mai fanka da tankin ruwa, takan sauke ta zuwa wajen 24 ko 25, ta ƙara danshin da hanci ke nema, ta tare ƙura, da wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da eyakwandishan mai doki ɗaya da rabi ke ci ba. Ƙaramar sola ma tana ɗaukar ta. A rana irin ta Agusta kuwa, digiri 28 da laima kashi 85, duk ƙoƙarinta ba ya wuce digiri biyu, sai ma ta ƙara wa ɗaki cunkus. A nan ne eyakwandishan ke da ranarta, musamman ƙarshen Afrilu da Mayu, lokacin da danshin teku ya riga ruwan sama isowa, zafi na nan, zufa ta ƙi bushewa, barci ya gagara.

Ba zan ɓoye raunin dabarar feshi ba. Tana shan ruwa daidai lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, tana bukatar taga a buɗe, kuma tankin da aka bari da kwantaccen ruwa gidan sauro ne da ƙwayoyin cuta. Ɗakin tiyata da ɗakin gwaje-gwaje da ma'ajiyar magani ba wurinta ba ne, su cikakken tsari mai tace iska suke bukata. Ita ma eyakwandishan muna cutar kanmu wajen sayen ta. Mun ɗauka mai babban doki ta fi, alhali in ta fi ƙarfin ɗaki, nan da nan take sanyaya shi ta tsaya kafin ta tatse ruwan, a bar mutum cikin sanyi mai danshi, tufafi na wari a sif. A jikin rimot ɗin yawancinsu akwai maɓalli mai alamar ɗigon ruwa, wanda ke sa na'urar ta himmatu ga busar da iska a hankali. Shi ne maɓallin damina, kuma ƙalilan ne ke taɓa shi.

Ginin ma yana da nasa rabo. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin sorayen birnin Zazzau, wadda maginin nan Babban Gwani ya nuna iyakar gwanintarta a Masallacin Juma'a tun ƙarni na 19, tana jinkirta shigar zafin rana zuwa dare, yumɓun kuma yana shan danshi in ya yi yawa ya sake shi in ya yi ƙaranci. Mun bar ta mun koma siririn bulo da kwano mara silin kirki, sannan muka ɗora wa inji nauyin gyara abin da bango ya ɓata.

Kirana ga malaman injiniya da na tsara gine-gine a Samaru shi ne su mayar da wannan batu aikin ɗalibai na dindindin: na'ura mai hannu biyu irin ta 1906, wadda za ta shayar da iska daga Disamba zuwa Maris, ta tatse ta daga Mayu zuwa Satumba, da kayan da maƙeran Sabon Gari za su iya haɗawa su kuma gyara. Kai kuma mai karatu, ko kaji kake ƙyanƙyasa, ko iri kake ajiyewa, ko maɗaba'a gare ka, kafin ka sayi wata na'ura ka fara sayen ɗan ma'aunin laima, ka rataye shi a ɗakin, ka riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma har shekara ta zagayo.